Matattun Ranar Asabar

Rufino Zabaleta, tsohon likitan haƙori, ya rasu wata Asabar da hantsi, yana tsaye kan ƙafafunsa, bakinsa cike da burodi mai zaƙi. Don Casimiro Pelloni ne ya kashe shi, da hantsaki, a gaban mutane.

Ga yadda abin ya faru. A ƙuryar shagon Don Casimiro, can bayan kantocin da aka jera kwalayen ƙananan jiragen ƙasa, akwai wani makeken tebur da ya cinye rabin ɗakin. A kan teburin nan gari ne sukutum: tasha, coci, mahauta, filin ƙwallo, rumbunan alkama, da layin dogo da ya zagaye su duka ya kurɗa ta ƙarƙashin wani tsauni na takarda da gam. Mahaifinsa ne ya fara gina shi tun zamanin da jiniyar ma'aikatar gyaran jirage take tashin mutanen garinsu Junín daga barci, shi kuma ya gada ya ɗora. Duk wanda ya daɗe yana ciniki a shagon, Don Casimiro zai yi masa ɗan mutum-mutumi da bai fi gaɓar yatsa ba, ya fente shi da kamanninsa, ya kafa shi a cikin garin. Rufino yana bakin coci da sanƙonsa. Ovidio mahauci yana ƙofar mahauta da tumbinsa, tumbin da ya sha roƙo a rage masa aka ƙi. Shiga garin nan ba ƙaramin abu ba ne, don akwai wanda ya yi shekaru yana sayen taragun da ba ya buƙata don kawai a fente shi. Kuma kada ka kuskura ka kira kayan nan kayan wasa. Wata mata ta taɓa faɗa, har yau ba ta san abin da ya sa aka rako ta bakin titi ba.

Kowace Asabar mutanen garin teburin sukan hallara da jikinsu na gaske, tsofaffi ne kusan dukansu, su zagaye teburin, a kunna jirgi, a yi ta musun da ba ya ƙarewa. Don Casimiro ne mai zuba mate, shayin ganyen da ake sha a ƙasarsu a ƙoƙo ɗaya. Zai cika ƙoƙon da ruwan zafi ya miƙa wa na kusa, wannan ya zuƙe ta bututun ƙarfe ya dawo da shi, a sake cikawa a miƙa wa na gaba. To a irin wannan zama ne Rufino ya zaro wani sabon kan jirgi daga jaka, ja wur, yana ƙyalli, ya ce ta intanet ya saya, a waya ya latsa, mai babur ya kawo masa har ƙofar gida, kuma ko kusa da farashin shago bai kai ba. Ba da mugunta ya faɗa ba. Rufino dai bakinsa ba shi da birki.

Don Casimiro ya ajiye butar ruwan zafi, ya ɗauki hantsakinsa, ya tsame ɗan mutum-mutumin Rufino daga bakin coci, ya kwantar da shi a ɗan lambun da ke bayanta. Ya karya tsinken ashana ya haɗa gicciye, ya ɗiga gam, ya kafa.

"Allah ya jiƙan Rufino," in ji shi. "Mutumin kirki ne, sai dai hannunsa da nauyi wajen cire haƙori."

Aka yi ta dariya, Rufino har da ƙwarewa. Kowa ya ɗauka wasan yini ɗaya ne. Amma da ƙoƙon mate ya zagayo sai ya tsallake Rufino ya wuce, ya bar shi da hannu a miƙe.

Daga ranar doka ta kafu: duk wanda ya sayi ko da ƙusa ɗaya ta intanet, ya mutu. Matacce ba a yi masa magana, ba a ba shi mate, ba a sayar masa, ba a gyara masa, kuma jirginsa ba ya hawa dogon teburin. Shigowa shago dai ba a hana shi ba, don Don Casimiro ya ce shi ba shi da ikon hana fatalwa yawo.

Don Casimiro kuwa, bawan Allahn nan, bai iya barin wasa a cikin ɗaki ba. Ranar Litinin mai jarida ya tambaye shi ina likita, sai ya sunkuyar da kai ya ce ai likita ya riga mu gidan gaskiya shekaranjiya, farat ɗaya, yana cikin cin burodi. Kafin yamma an fara kai furanni gidan Rufino, kuma shi da kansa yake buɗe ƙofa yana karɓa, sanye da singileti. Wata tsohuwa da ya taɓa cire wa haƙorin da ba shi ke ciwo ba ta zo takanas ta ce ta yafe masa, da ta gan shi tsaye sai ta janye yafiyar. Matar Rufino ta buga waya shago ta wanke Don Casimiro tas. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya yi mata ta'aziyya.

Ba a rufa shekara ba lambun coci ya cika. Ovidio ya tafi a kan fitilun tasha da ya saya ta waya. Wani malamin makaranta ya tafi a kan bishiyoyin roba. Wani direban tasi ya rantse da kabarin uwarsa cewa surukinsa ne ya saya masa kyauta, aka binne shi duk da haka, aka ce a wurin surukin ya ɗauki cutar. Maƙabarta ta tsallaka shingen coci ta cinye rabin filin ƙwallo, har Don Casimiro ya koma sayen ashana ba don hura wuta ba.

Abin haushin, matattun ba su daina zuwa ba. Ina! Sai ma suka fi da zuwa. Suka kawo ƙoƙonsu da butarsu, suka kama gefen taga, suka naɗa Rufino shugaba tunda ya riga kowa isa can. Sun fi masu rai hayaniya, sun fi su cin burodi, kuma ranar Lahadi suna haɗuwa a bayan gidan Ovidio su gasa haƙarƙarin sa, wai walimar mutanen lahira.

Mutum ɗaya ne ya riƙe zaman nan bai watse ba: Nicanor Ibarrola, tsohon tela, siriri, mai magana ƙasa-ƙasa. Tun suna aji ɗaya a firamare suke tare da Casimiro. Shi ya ɗinka masa kwat ɗin aure, shi ya riƙe shi ranar da aka binne matarsa, binnewa ta gaske a maƙabarta ta gaske. Tun da 'yar Casimiro ta bi mijinta Córdoba, in ka cire Nicanor, babu wanda yake jin abin da ya wuce "sannu da zuwa" da "babu" daga bakin Don Casimiro. A kan tebur, ɗan mutum-mutumin Nicanor yana tsaye a tasha riƙe da akwati. Da tafiya ta yi tafiya, shi da mutum-mutumin Casimiro da ke ƙofar ɗan shagonsa su kaɗai suka rage a tsaye a duk faɗin garin.

Nicanor ne ya zama tafinta tsakanin duniya da lahira. Don Casimiro zai dube shi ya ce da marigayi Ovidio yana da rai, da an gaya masa ya sauke gwiwar hannunsa daga kan rumbun alkama. Nicanor ya juya ya isar da saƙo ga Ovidio, wanda yake kusa da su har numfashinsa yana kaɗa bishiyoyin garin. Ovidio ya ce a gaya wa mai rai cewa rumbun da ma a karkace yake. Haka ake yini. Kuma gaskiyar magana, Don Casimiro yana jin daɗin abin, don ya riƙe fushinsa, ya riƙe hirarsa, bai rasa ko ɗaya ba. Amma ya san duk wannan a wuyan Nicanor yake rataye. Ranar da Nicanor ya faɗi, shi ke nan, ba shi da sauran wanda zai buɗe baki ya yi wa magana, kuma da hannunsa ya ɗaure kansa.

Akwai kuma abin da ba ya so a taɓo. Dillalin da ke aiko masa kaya daga Buenos Aires ya daɗe da daina aikowa, shi ma ya koma sayarwa ta waya. Kwalayen da suka cika kantoci har rufi, yawancinsu iska ce a ciki. Kullum da safe Don Casimiro yana kakkaɓe musu ƙura, wasu ma ya saka musu guntun katako don su yi nauyi in wani ya ɗaga. In baƙo ya nuna wani kwali, sai ya ce an riga an kama, ko ya dube shi sama da ƙasa ya ce wannan ya fi ƙarfin ɗan koyo. Shi kansa Nicanor akwai kan jirgin da ya sa a kawo masa shekarun baya, ɗan baƙi mai tururi, irin wanda yake jan taragu a filin tashar Junín suna yara. Kowace Asabar zai tambaya a hankali, Don Casimiro ya ce yana hanya, Nicanor ya gyaɗa kai ya karɓi mate.

Sai wata Asabar ana cikin musu a kan launin taragun alkama, aka ji wani ɗan sauti: ɗas.

Babu wanda bai san sautin nan ba. Shagon Pelloni da tsohuwar jarida yake naɗe kaya tun zamanin mahaifinsa. Kayan intanet ne suke zuwa a cikin ledar nan mai ƙwayoyin iska, wadda ba a haifi mutumin da zai riƙe ta bai fasa ba. Kuma sautin daga aljihun kwat ɗin Nicanor ya fito, inda hannunsa yake.

Don Casimiro ya yi maza ya ce gwiwarsa ce, sanyi ya fara shigowa.

Ɗas. Ɗas.

Ya ce ɗayar gwiwar ce. Ya miƙe ya zauna, ya murza yatsunsa, ya yi tari, ya ƙara wa jirgin da ke kan dogo gudu don ƙara ta rufe. Nicanor kuwa fuskarsa ta yi ja, amma ka san ledar nan, yatsa in ya fara ba ya jin magana. Matattu suka matso daga gefen taga kamar kaji sun ga tsaba. Rufino ya share gashin bakinsa ya ce wa Nicanor ya isar wa mai rai cewa shi likita ne, ya san ƙarar gwiwa, kuma bai taɓa jin gwiwar da take kuka daga aljihun wani ba. Direban tasi ya ce shi a kan kyautar suruki aka binne shi, ba a ko tsaya bincike ba. Don Casimiro ya dubi rufi ya ce wa Nicanor ya gaya wa iska cewa leda ba shaida ba ce, a titi ma ana tsintar leda.

Nicanor ya zaro hannunsa daga aljihu, ya ajiye ledar a gefen tebur.

"Bari, Casimiro. Na saya."

"Ai yana hanya," in ji Don Casimiro.

"Ba ya hanya, ɗan'uwa. Kwalayen nan ba komai a cikinsu, kowa a nan ya sani. Ni ma na sani tuntuni. Na kasa jira ne kawai."

Ko Rufino bai yi dariya ba. Ovidio ya sauke gwiwar hannunsa daga kan rumbu ba tare da an aiko masa ba. Don Casimiro ya ji kunya ta rufe shi tun daga wuya har kunne, ba don kwalayen ba, sai don jin cewa duk shekarun nan tsofaffin nan suna kallonsa yana kakkaɓe iska suna yin shiru. Da a ce a keɓe Nicanor ya faɗa masa, wataƙila da an san yadda aka yi. Amma a gaban matattu? Ya ɗauki hantsaki. Ya tsame ɗan mutum-mutumin Nicanor daga tasha. Wuri ya ƙare, dole ya tumɓuke ragar da ta rage a filin ƙwallo. Ya kwantar da shi a nan, da akwatinsa da komai, ya kafa gicciye. Bai yi masa addu'a ba, bai kuma yi masa tsiya ba. Nicanor ya ɗauki kujerarsa ya koma gefen taga.

Asabar ɗin da suka biyo baya, kai, ba a magana. Shago cike da mutane, hayaniya har titi, Don Casimiro yana zaune shi kaɗai a bakin tebur yana zuba mate yana miƙa wa kansa. Ya gwada yi wa rediyo magana. Ya gwada yi wa ɗan Casimiro na kan tebur magana, amma fuskar da ya fenta masa ta yi tsami da yawa, ba ta da daɗin hira. Wata rana wani mutum ya leƙo yana tambayar inda ake sayar da cajar waya, Don Casimiro ya kamo hannunsa ya zaunar da shi, ya ba shi mate, ya fara ƙare wa hancinsa kallo don ya san irin fentin da zai haɗa. Don dai cika ƙa'ida ya tambaye shi ko ya taɓa sayen wani abu ta intanet. Mutumin ya yi dariya ya ce ai shi har safar da ke ƙafarsa can ya saya. Rufino ya yi shela daga gefen taga cewa wannan tun a ciki ya mutu.

Nicanor bai fasa zuwa ba. Yana shigowa ya ɗan tsaya a bakin kanta kamar zai yi gaisuwa, Don Casimiro ya duƙufa kan goge wani tarago da ya riga ya goge, shi kuma ya wuce. Casimiro yana kewarsa ƙwarai, kewa irin ta haushi, don ga mutumin nan a ɗaki ɗaya da shi yana jin tarinsa.

Ana haka sai kunnensa ya tsinci wata magana. Nicanor yana gaya wa Rufino ƙasa-ƙasa cewa ranar Alhamis zai shiga Buenos Aires ganin wani babban likita. Likitan me? Daidai nan Ovidio ya fashe da dariya a kan wani abu daban, maganar ta nutse. Don Casimiro ya ji kamar ya jefi Ovidio da butar.

Asabar ta zagayo. Nicanor ya shigo, ya zauna, ya faɗa wa Rufino wata magana a kunne. Rufino ya ajiye burodin da ke hannunsa, abin da ba a taɓa gani ba. Maganar ta bi matattu ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ta isa gare shi sai ya yi shiru. Da Nicanor ya ɗauki buta zai cika ƙoƙonsu, ruwan ya sauka a gefe ya jiƙa masa wando, kuma babu wanda ya yi masa tsiya. Wannan ne ya fi tsorata Don Casimiro, don a gefen taga ko atishawa ka yi sai an yi maka waƙa.

Ya dubi bango ya ce, da ƙarfi, shi dai yana mamakin yadda likitocin Buenos Aires suke a zamanin nan, ko me suke ce wa mutane. Rufino ma ya dubi bango ya ce sirrin lahira ba a faɗa wa mai rai.

Don Casimiro ya zauna da wannan har ruwan butarsa ya huce. Sannan ya miƙe, ya ɗauki hantsaki, ya tsame nasa ɗan mutum-mutumin daga ƙofar ɗan shago, ya nufi filin ƙwallo da shi.

Rufino ya tare shi da tafin hannu. Ya ce maƙabartar nan ba gidan kowa da kowa ba ce, kowanensu da guminsa ya shigo, ba za a kawo musu mai rai ya kwanta a tsakiyarsu yana leƙen asiri ba. Doka doka ce, kuma ba su suka kafa ta ba. Mai son mutuwa ya saya.

Don Casimiro ya san abin da ake nema a wurinsa. Ba sayen ba ne abin. Mai shagon Pelloni ya latsa waya a tsakiyar shagon Pelloni, a ƙarƙashin hoton mahaifinsa, ai ya faɗa da bakinsa ke nan cewa shagon ya ƙare. Ya dubi kantoci har rufi, ya dubi Nicanor yana goge wandonsa da hankici a wurin da ba nan ne ya jiƙe ba. Sai ya yi gyaran murya ya ce wa rufi, da akwai mai rai a kusa, da ya tambaye shi ta ina ake latsa abin nan.

Kafin ya rufe baki wayoyi sun fito daga kowane aljihu. Wayar Don Casimiro tsohuwa ce mai maɓallai, ko hoto ba ta nunawa, don haka aka shiga musu ko sayayya da wayar matacce tana kashewa. Malamin makaranta ya yanke cewa tana kashewa, muddin yatsan mamacin ne ya latsa da kansa. Aka ɗora wayar Rufino a kan kanta, aka zagaye shi, kowa yana ba bango umarni: a gaya wa bango ya ja sama, a gaya wa bango ba nan ba, bango ya danna talla. Don Casimiro yana jan yatsa, kaya suna ta wucewa, jiragen da mahaifinsa ya mutu yana burin ya gani ko sau ɗaya, ga su nan jere ba iyaka kamar tumatir a kasuwa. Zuciyarsa ta yi zafi. Ya tsallake su duka ya zaɓi 'yar ƙaramar kwalbar gam, ya rufe ido, ya latsa.

Direban tasi ya ce to amma fa sai kaya sun iso ake mutuwa, ranar Talata ke nan. Aka fara sabon musu, wasu na cewa da latsawa, wasu na cewa da karɓa.

"Mutuwar fuju'a ce," in ji Don Casimiro, kai tsaye, yana kallon idon direban. "Ni na kafa dokar, ni na san irin tawa."

Ya miƙa wa Rufino hantsaki. Sannan ya tafi bakin ƙofa ya kamo ƙofar ƙarfen nan ta naɗewa, da rana tsaka, ranar Asabar, ya jawo ta ƙasa da ƙara har ta daki daɓe, ya ce matacce ba ya ciniki. Da ya dawo Rufino ya riga ya kwantar da shi a gefen Nicanor, a karkace, ƙafarsa ɗaya a kan akwatin, yana kuma jawabin cewa marigayin mutum ne mai amana, mai haƙuri da kowa in ban da mutane. Don Casimiro bai tsaya ji ba. Ya ratsa su ya tsaya a gaban kujerar Nicanor.

"Me likitan ya ce?"

Nicanor ya cire tabarau ya riƙe a cinya.

"Hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi, na dama yana bin sa. Ya ce in yi ta ɗiga magani, amma kada in sa rai da yawa."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin in mutu. Shi ya sa na kasa jira. So nake in gan shi yana tafiya."

"To ka gan shi?"

"A ina, Casimiro? Ka san ba ni da dogo a gida. Dogona a nan yake."

Ya sa hannu a ɗaya aljihun kwat ɗin ya fito da shi, ɗan baƙi mai tururi, naɗe a hankici. Ashe duk Asabar ɗin nan da shi yake zuwa, da shi yake komawa.

Don Casimiro ya ji baƙin cikin da bai ji irinsa ba tun rasuwar matarsa, kuma wannan karon babu wanda zai ɗora wa laifi. Sai ya huce a kan Ovidio, ya ce ya kawar da tumbin nan yana tare haske. Ya kunna duk fitilun shagon, har da ta saman kanta da ya daɗe da daina kunnawa. Ya jawo 'yar gajeriyar kujerar da yake takawa in zai kakkaɓe kwalaye, ya zaunar da Nicanor daidai tasha, ya juya masa kai da hannu biyu har idon dama ya yi daidai da dogo. Ya kwashe nasa jirgin ya ajiye a gefe. Ya karɓi ɗan baƙin, ya duba ƙarƙashinsa, ya yi tsaki ya ce ko mai ba su sa masa ba, 'yan banza, ya ɗiga masa, ya daidaita ƙafafunsa a kan dogo.

Ya murɗa makunni. Jirgin ya zabura, ya shige tsauni, ya fito, ya wuce tasha fiu.

Nicanor ya ce wani baƙin abu dai ya gifta.

Don Casimiro ya rage. Jirgin ya sake zagayowa, ya bi ta bayan coci, ta gefen gicciyoyin ashana, tsofaffi suna tsaye, kowa da hularsa a hannu ba tare da an ce su cire ba. Wani ya buga ƙofar ƙarfen daga waje yana tambaya ko a buɗe ake. Rufino ya ɗaga murya ya ce a yi haƙuri, duk mun mutu.

"Yanzu fa?" in ji Casimiro.

Nicanor ya matso har hancinsa ya kusa taɓa rufin tasha.

"Na fara ganin ƙafafun. Ɗan ƙara ragewa."

Casimiro ya ƙara ragewa, har jirgin ya koma rarrafe, ya bar hannunsa a kan makunnin.